Rudun da Bai Yi Wari Ba

Ranar da farashin albasa ya kai inda Alhaji Magaji yake jira, sai ya kira mai saye daga Jega, ya sa aka riƙe masa hannu, don idonsa ya raunana, suka nufi bayan garin Aliero inda rudunan gidansa suke a cikin shinge ɗaya. Rudu dai rumbun albasa ne na kara da jinka, wanda ake ɗorawa a kan itatuwa domin iska ta ratsa ta ƙasa. Mutanen garin sukan zuba amfaninsu a ciki tun girbin bazara, su jira damina ta yi nisa kaya su yi tsada. Wanda ya ci riba yakan kira wannan haƙuri. Wanda tasa ta ruɓe yakan kira shi ƙaddara.

Aka ɗaga jinkar rudun da ke ƙarshen shinge. Albasa ta bayyana jawur, busasshiya, kowace da ɓawonta. Mai saye ya yaba, sa'an nan ya yi abin da masu saye suke yi bayan yabo: ya naɗe hannun riga ya tura hannunsa ciki har gwiwa. Ya zaro shi da ƙaiƙayi. Da aka yaye ta sama, sai ga buhunan ƙaiƙayi an jera su tsaf har ƙasa. Abin da ya rage na albasa bai wuce na rufa wa rudun asiri ba.

Wannan rudun kuwa na aure ne. Alhaji ya ware shi tun girbi domin bikin ƙaramin ɗansa Anas da Lubna, 'yar Malam Lawali na Gehuru.

Sajan Jesse na 'yan sanda ya iso da hantsi a kan babur ɗin ofis. Mutumin Zuru ne, ya daɗe a Aliero har yana iya bambanta gaisuwar gaskiya da ta neman alfarma. Ya zagaya rudun, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinsa, ya damƙi ƙaiƙayin ya murza. A bushe yake ƙarau. Ya miƙe ya tsaya yana shaƙar iska, kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi.

"Yallaɓai," in ji Alhaji Magaji, "ni ba albasa na zo kuka ba. Labari ya riga ya kai Gehuru. Malam Lawali ya aiko, ya ce in ɗana na yaɗ ɗauka, a zo a amshi kayan gaisuwa, shi ba shi ba ɓarawo ɗiya tai."

"Wa ke kula da wannan rudun, Baba?"

"Anas. Na hwaɗa mai gaban kowa: ga naka, kai za ka juya ta, kai za ka tsince ta, kowa kar ya sa maka hannu. So nike ya san abin da zai ci amarci da shi."

"Sauran rudunan fa?"

"Na wanai Habibullahi. Shi ka riƙe da gona tun da ido yag gaza mani."

Habibullahi yana tsaye a gefe, mutum ne mai kauri, mai faɗin tafin hannu, ƙaramar waya mai maɓalli tana leƙe daga aljihunsa na gaba. Shi ya shuka albasar, shi ya yi mata ban ruwa, shi ya girbe ta, har da wadda aka ware wa ƙanensa. Ya gaida Sajan da ladabi, ya ja shi nesa da tsohon.

"Ba ni cewa shi na, Yallaɓai. Ƙanena na, uwa ɗaya uba ɗaya. Amma akwai wani wasa da yara ka yi cikin waya, suna zuba mai kuɗi awa masu ban ruwa. Caca ta. Na hwaɗa mai, na hwaɗa ma Baba. Ka dai tambaye shi ina babur nai."

Jesse ya dube shi. A aikinsa ya sha jin mutane suna cewa ba sa zargin kowa, kuma bai taɓa jin wanda ya tsaya a nan ba.

Ya fara da maƙwabta. Ko sun ga baƙo a shingen? Babu wanda ya ga baƙo. Ko sun ji motsin mota? Babu wanda ya ji. Ya nemi Hamidu, wanda aka ɗauka gadi bayan girbi, ya same shi kwance a gidan wani mai ɗori, cinyarsa ɗaure da karare. Ya faɗo ne daga kan motar albasa tun kafin ruwan farko.

"Ni?" in ji Hamidu. "Yallaɓai, in ka ga wanda ka ɗaukar buhu da wagga ƙahwa, ka kawo mani shi in yi mai mubaya'a. Ko kewayawa sai an ɗauke ni."

Mai ɗori ya tabbatar, ya kuma ƙara da cewa in Sajan ya sa majinyacinsa ya motsa, shi zai ɗauki alhakin gurguntarsa. Jesse ya cire Hamidu daga ransa, ya hau babur sai Jega.

Anas yana da rumfar gyaran waya a unguwar Jega Firchin. Saurayi ne siriri, mai saurin murmushi, irin waɗanda ake yi wa ragi a kasuwa ba tare da sun nema ba. A ranar dai murmushin bai fito aiki ba.

"Ina babur ɗinka?"

"Shina wurin bakanike."

"Wane bakanike? Mu je in gaishe shi."

Anas ya ajiye sukuddireba. "Na sai da shi."

"Wa ya saya?"

"Matthew, na sakatariya."

"Kuɗin fa?"

Maimakon amsa, Anas ya juyo masa da fuskar waya. Wani gari ne na zane, da ganuwa da dawaki da tutoci. Samarin yankin suna kiran wasan Ganuwa. Kowa yana gina garinsa, ya tara mayaƙa, ya kai wa wasu hari. Shiga kyauta ne. Mai haƙuri yana jira gini ya ƙare da kansa. Mara haƙuri yana sayen zinari da kuɗin gaske, gininsa ya tashi nan take. Sunan Anas a ciki Shaho.

"Tun da anka hwara wasan ga nan, ni ka gaba," in ji shi. "Daga Jega har Maiyama babu wanda yak kai ni, kuma ko sisi ban taɓa sawa ba. Kaina nika amfani da shi. Kwatsam sai ga wani wai shi Giwa. Bai iya komi ba, Yallaɓai, wallahi bai iya ba. Shina tura dawaki su hau ganuwa. Amma zinari gare shi awa ƙasa. Na tashi da sahe, waya ta ce mani Giwa ya wuce ka, ga rangwame in kana son ka koma wurinka."

"Sai ka saya."

"Sau ɗaya niy yi niyya."

"Ka san shi?"

"Da na san shi da na tai na ga huskar wanda ka sayen girma da kuɗi."

Jesse ya gane wannan murya. Bara aka ɗaga wani yaron da shi ya koya wa rubuta rahoto aka sa shi a samansa, kuma har yanzu bai daina jin haushin sara masa ba. Ya kawar da tunanin.

"Yaushe rabonka da rudun?"

Anas ya sunkuyar da kai. "Tun randa anka zuba."

"Ba ka taɓa juya ta ba? Ba ka tsince ruɓaɓɓu ba?"

"Ko jinka ban ɗaga ba. Warin na sa mani ciwon kai. Kar ka hwaɗa ma Baba."

"Ana zarginka da sata, kai kuma tsoron a ce maka rago kake yi."

"Sata ban yi ba, shi ya sa ba ta ba ni tsoro. Ragonci kuwa na yi." Ya kifa wayar a kan tebur. "Lubna ta bar ɗaukar wayata."

Matthew ya tabbatar da cinikin babur ba tare da gardama ba, har ya nuna shi a inuwar sakatariya, an sake masa murfin kujera. Abin da ya biya ya yi daidai da haukan da Anas ya yi a cikin wasa. Ba sai an kawo kuɗin albasa cikin lissafin ba.

Wadda take sa wa 'yan wasan zinari kuwa Rita ce, mai shagon kati da cirar kuɗi, layi biyu daga rumfar Anas. A ba ta kuɗi a hannu, ta tura wa kamfanin wasan, ta cire ladanta. Mace ce da ba ta tashi wa ɗan sanda tsaye, amma takan ba shi kujera.

"Na san Giwa," in ji ta. "Ba zan faɗa maka ba."

"Bincike nake yi, Madam."

"Binciken sata. Sayen zinari ba sata ba ne. Mutum ya zo da kuɗinsa, an faɗa masa farashi, an ba shi abin da ya saya. Wa aka cuta? Mai tsire ma yana fifita hayaƙi ya shiga hancin mutane, ban ga ka kama shi ba."

"Mai tsire in ka ƙoshi yana ƙyale ka."

"Wannan kuma tsakaninsa da cikinka."

"Yana kuma bin ka gida ya ce maƙwabcinka ya fi ka cin nama?"

Rita ta yi dariya, ta gyara ɗankwali. "To, wannan kam sun iya. Ai wasan yana leƙa lambobin da ke cikin wayarka, ya haɗa ka da mutanen da ka sani, sai dai da sunan bogi. Baƙo ya wuce ka, ina ruwanka? Amma ka ji a jikinka cewa na kusa ne, ba za ka yi barci ba. Ni dai ban ƙirƙiro shi ba. In na rufe shago, ga wani can a bakin tasha."

"Giwa yana da lambar Shaho ke nan."

"Ko Shaho yana da tasa. Rabin Jega suna da lambar mai gyaran waya."

"Me yake cewa in ya zo?"

Ta shiga jera katunan waya a kan tebur. Jesse ya san irin wannan alamar: labari ne yake neman hanyar fita daga bakin wanda ya yi alkawarin riƙe shi.

"Ba ya tambayar me zinarin zai gina masa. Bai damu da garin ba. Magana ɗaya ce kullum: na wuce Shaho? In na ce e, sai ya tsaya yana kallon sunan nan a ƙasan nasa, kamar mai kallon jaririn da aka haifa masa. Babban mutum, da furfura a gemu. Rannan tausayi ya kama ni na ce masa ya isa haka. Ya ce in yi aikina." Ta ɗaga kafaɗa. "Na yi aikina."

"In aka kawo wa mutum hari fa, me ke faruwa?"

"Wayarsa ta yi ta rawa. Ana ba shi ɗan lokaci ya ɗaga garkuwa. In bai ɗaga ba, duk abin da ya tara wanda ya kawo harin ya kwashe. Shi ya sa ba sa rabuwa da wayar ko a masallaci."

Washegari Jesse ya tafi Maiyama. Dalilinsa mai sauƙi ne: babu mai hankalin da zai sayar da albasar sata a Aliero, inda kowane dillali ya san gonar kowa, Jega kuma ta yi kusa. Ya bi rumfunan dillalai yana tambayar wanda ya riƙa samun kaya kaɗan-kaɗan tun farkon damina, lokacin da masu rudu ba su fara buɗewa ba. Aka nuna masa Maigari, wani tsamurarren dattijo da ke zaune a kan buhu yana cin goro.

"An yi haka," in ji Maigari. "Wani direba na garin Liba ka kawo mani, shi ka amsar kuɗi. Bai hwaɗi mai ita ba, ni ko ban tambaya ba. Ya tahi kurmi da lodi, sai Allah ya maido shi."

"Yaya kayan suke?"

"Ka ga irin kayan da ba ka zazzagewa ka duba? To su. Manya daban, matsakaita daban, babu mai tabo ko ɗaya. Har na so in san mai su don in riƙe shi."

"In aka zuba albasa a rudu tun bazara, ba a juya ba, ba a tsince ba har yanzu, me za a tarar?"

Maigari ya tofar da goro. "Ba sai an tarar ba, daga bakin hanya za a ji. Ɗaya ta ruɓe ta kama ta kusa da ita, ruwa ya riƙa ɗiga ta ƙasa. Wa yay yi wagga ɓarna?"

"Babu wanda ya yi," in ji Jesse. Ya yi godiya ya tashi.

Ya nemi a taru a zauren Alhaji Magaji bayan la'asar, ya kuma aika Gehuru aka gayyato Malam Lawali, tun da hukuncinsa ake jira. Kafin a zauna ya ja Anas gefe ya yi masa magana a kunne. Anas ya dube shi da mamaki, amma ya gyaɗa kai.

Alhaji ya zauna a kan buzu, Malam Lawali a damansa, dogon mutum mai ƙarancin magana. Habibullahi ya zauna kusa da ƙofa. Anas ya rakuɓe a lungu, waya a cinyarsa.

"Ko nan ma wasan za ka yi?" in ji Habibullahi. "Gaban surukinka?"

"Ni na ce ya riƙe ta," in ji Jesse. "Roƙona ɗaya: kada kowa ya fita sai na gama."

Ya fara bayani a hankali, da gangan, kamar mai karanta sanarwar gwamnati. Ya faɗi batun Hamidu da cinyarsa. Ya faɗi batun maƙwabta. Da ya zo kan batun babur, Malam Lawali ya juya ya dubi Anas sau ɗaya, ya mai da kansa. A nan Jesse ya sosa kunne, alamar da suka shirya. Anas ya dangwala yatsa a fuskar waya, ya tura duk mayaƙan Shaho zuwa garin Giwa.

Jesse ya ci gaba da magana a kan ƙaiƙayi. Bai dubi ƙofa ba sai da ya ji an gyara zama. Habibullahi ya dafe ƙirjinsa ta hagu, can ƙasan aljihun da ƙaramar wayar take. Ya sauke hannun. Ya sake mayarwa.

"Yallaɓai, bari in kewaya."

"Saura kaɗan."

"Ciki na ya murɗa."

"Ka daure, Malam Habibu. Maganar ƙanenka ce."

Zufa ta tsattsafo masa a goshi. Zauren ya yi tsit, har ana jin wani ɗan gurnani yana fitowa daga cikin rigarsa, ya tsaya, ya dawo. Anas ya ɗago kai daga wayarsa a hankali. Jesse ya bar gurnanin ya yi magana. Mutum ne a gabansa da zaɓi biyu: ya riƙe asirinsa ya rasa garin da ya zuba wa rudu guda, ko ya ceci garin a gaban ubansa. Kamfanin da ya tsara wasan ya riga ya san wanda mutane suke zaɓa, kuma a kan wannan sanin yake cin abinci.

Habibullahi ya cusa hannu cikin aljihun 'yar ciki, ya fito da babbar waya sabuwa, ya shiga dannawa da ƙaton yatsansa yana kuskure.

"Yaya," in ji Anas, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kai na Giwa?"

"Mi ad da shi?" in ji Alhaji, yana juya kai wajen da ya ji motsi. "Mi ka hwaruwa? Ku hwaɗa mani, ba ni gani."

Jesse ya matsa kusa da tsohon. "Baba, ga yadda abin yake. Anas bai taɓa buɗe rudun nan ba tun da aka zuba, ya amsa mini da bakinsa. Rudun da aka bari haka ya kamata ya yi warin da za a ji daga hanya. Na tsaya a gindinsa, babu wari, babu ɗigon ruwa a ƙasa. Albasar da ta rage babu ruɓaɓɓiya ko ɗaya. Wani yana juya ta, yana tsince ta. Ƙaiƙayin da aka cusa busasshe ne, an zaɓe shi don kada danshi ya taɓa ta sama. An mai da jinka yadda ruwa ba zai shiga ba. Ɓarawon waje yana kwasa ne ya gudu, ba ya tsayawa yi wa abin da ya bari hidima. Wanda ya yi wannan ba zai iya kallon albasa tana lalacewa ba, ko da yana cikin satarta. Na tambayi maƙwabta ko sun ga baƙo, suka ce a'a, kuma gaskiya suka faɗa. Wanda suke gani yana fita da buhu da rana tsaka mai kula da shingen ne, suna ɗauka masu tabo yake kaiwa a sayar da araha. Saura in san me ya yi da kuɗin, tun da bai sayi sabuwar riga ba, bai ƙara aure ba. Ga shi a hannunsa."

Habibullahi ya ajiye wayar a kan tabarma. Garkuwar ta tashi, garin ya tsira. Ya dube shi kamar bai san na wane ne ba.

"Ba sata nit tahi yi ba," in ji shi. "Na wuce na ji ta hwara wari. Albasar da niy yi ma ban ruwa da hannuna. Na ɗaga jinka na tsince, na ce gobe shina zuwa. Bai zo ba. Na sake tsincewa." Ya juya wajen ubansa. "Ni ka cikin laka tun ina yaro, Baba. Shi anka kai makaranta. Ni niy yi aure da rancen buhu, shi an ware mai rudu mahi kyau, bai san ko ƙohwarshi ba. Ko majalisa na zauna, Anas, Anas, wai babu mai kai shi cikin wanga wasa. Na ce bari in ga abin da yaf fi ni da shi. Na sai waya. Ranar hwarko ta ce mani ga wani ya hi ka, ga abin da za ka biya ka kai shi. Buhu ɗaya na ɗauka. Na ce ladan tsinta ta."

"Ni ko na sai da babur don in kamo ka," in ji Anas.

Babu wanda ya yi dariya, ko da yake akwai abin dariya. Gida ɗaya ya yi damina guda yana yaƙi da kansa, albasa ta tafi Maiyama, babur ya tafi sakatariya, kuɗin duka biyun sun bi ta shagon Rita zuwa wata ƙasa da babu wanda ya san sunanta a zauren.

"Baba," in ji Jesse, "kai ka kawo ƙara. In ka ce a tafi da shi, a tafi da shi."

Alhaji ya daɗe yana shafa buzu. "In na kai shi, wa za ya riƙe gona? Na janye." Ya juya dama. "Malam, ka ji da kunnenka. Ɗana ba ɓarawo ba na. Wanda ka neman ɗiyarka dai."

Malam Lawali ya gyara hularsa. "Na ji, kuma na yarda. Ba ni maido kayan gaisuwa." Anas ya saki numfashi. "Amma na ji wani abu da ban zo ji ba. An ba shi rudu bai leƙa ba, yana da babur ya sai da shi don garin da ba a kwana cikinai. Ɗiyata abinci taka ci. Ya shuka albasa bana da hannunai, ya girbe, ya cika rudu, ya tsare ta har ta yi kuɗi. Ranar da anka buɗe ban ji wari ba, a sa rana. In wani ya yi mai aikin, zan ji, kuma magana ta mutu."

"Ban iya ba, Baba," in ji Anas.

"Akwai wanda ya iya," in ji Alhaji. "Shi za ya koya maka. Da baki. In ya sa hannu, ya kashe maka aure sau biyu ke nan." Ya miƙa tafinsa cikin iska. "Ku ban wayoyin."

Lokacin dashe, aiki ya bi da Jesse ta bakin fadama. Ya hangi mutum biyu a cikin fage ɗaya, ya rage gudu. Anas yana duƙe, laka har gwiwa, yana cusa irin albasa a ƙasa, wani ya nutse, wani ya kwanta. Habibullahi yana tsaye a kan kunya.

"Ba haka aka yi ba. Ka nutsa ta da yawa. Kai, ban nan."

Ya sauko, ya miƙa hannu. Anas ya janye damin irin zuwa ƙirjinsa.

"In ka taɓa, Gehuru za su ji."

Habibullahi ya tsaya da hannu a miƙe. Sa'an nan ya koma kan kunya, ya harɗe hannuwansa a baya, ya riƙe ɗaya da ɗaya gam, yana kallon ana dasa albasa a karkace, layi bayan layi, a gonar da bai taɓa barin ko ɗaya ta karkace ba. Jesse ya raka mutane da yawa kotu, ya ji an yanke hukunci iri-iri. Ya ɗan tsaya yana neman wanda ya kai wannan tsanani, bai tuna ba, ya ta da babur ya wuce.